Uwargida, Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Mota, Zafin Bazara da Takardar Inshora

 

Yau zancenmu ya bar madafi ya koma bakin titi. Na san wata za ta ce, ina ruwan mace da zancen mota, wannan ai na maigida ne da bakanike? To, 'yar'uwa, dakata tukuna. Wa ke zaune a bayan motar nan da jariri a cinya ranar da aka tashi zuwa biki Gusau ko Azare? 'Ya'yan wa direba ke kwasowa daga makaranta da ƙarfe 2 na rana, lokacin da kwalta ke tiriri? In kuma tsautsayi ya afka, wa ke kwana a ƙasan gadon asibiti tana jinya, wa ke sayar da sarƙa da 'yan kunne domin a biya gyaran motar mutane? Ban da haka ma, yanzu mata da yawa su ke tuƙa kansu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ofis da 'yan kasuwa. Akwai kuma waɗanda suka kwashi adashi ko suka sayar da gadonsu suka sayi mota ko Keke Napep suka ba da haya, da ita suke ciyar da marayu. Saboda haka zancen nan namu ne, ko muna riƙe da sitiyari ko muna kujerar baya.

Daga watan Maris zuwa Mayu, watau bazara, zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yola da Kano yakan haura digiri 40, har Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa takan yi ta jan kunnen jama'a. Kwalta kuwa, da yake baƙa ce tana shan rana, ta fi iskar da muke shaƙa zafi nesa ba kusa ba. Yadda zafin nan ke galabaitar da mu, haka yake galabaitar da mota, sai dai ita ba ta da bakin faɗa. Abubuwa uku ya fi kamawa: taya, inji, da kuma mutanen da ke ciki.

TAYA ITA CE ƘAFAR MOTA

Mu fara da taya, domin duk nauyin motar da na mutanen cikinta a kan tayoyi huɗu yake, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace ɗaya bai fi faɗin tafin hannu ba sosai. Akwai wata gurguwar fahimta da ta bazu tsakanin direbobi, wai in zafi ya yi sai a rage iskar taya don kada ta fashe. Wannan kuskure ne babba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a duk juyin da ta yi, wannan lanƙwasar kuwa ita ke haifar da zafi a cikin jikinta har roba ta rabu da wayoyin da ke ciki, sai ki ji fam! Cika iska fiye da kima shi ma illa ne, domin taya ba za ta kama ƙasa da kyau ba.

To, nawa ne daidai? Ba mai faci ne zai yanke miki ba, ba kuma bugun taya da ƙafa ba. Masu ƙera motar sun rubuta adadin a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin motar. Ki sa a auna da sassafe kafin mota ta yi tafiya mai nisa, lokacin da tayoyi ke da sanyi. In an auna bayan doguwar tafiya za a ga iskar ta ɗan hau, wannan ba laifi ba ne, kada a sace ta, da taya ta huce za ta koma daidai. Kada kuma a manta da safaya, domin sau da yawa sai an tsaya a daji ake tarar da ita a kwance ba iska.

Abu na biyu, taya tana da ranar haihuwa. Ki sunkuya ki duba gefenta, za ki ga wasu lambobi huɗu a jere, galibi cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kika ga 2319, ma'ana an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan gargaɗi masu mota cewa tayar da ta wuce shekara 4 da yi ta tsufa, ko da kuwa zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa ta tsattsage ko a ajiye take. Nan ne matsalar tayoyin gwanjo take. Za ki gan su an wanke an shafa musu mai suna ƙyalli, alhali sun gama aikinsu a wata ƙasa mai sanyi kafin a kawo mana. Araha ba ta ado, 'yan'uwa. In kika ga taya ta yi ƙulu a gefe, ko ta tsattsage, ko zanenta ya shafe ta zama sanƙo, to, kada ki yarda a sa 'ya'yanki a motar nan zuwa wani gari.

In kuwa, Allah Ya kiyaye, taya ta fashe kina cikin tafiya, babban abin da ke kifar da mota shi ne taka birki da ƙarfi saboda firgita. Ki riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ki ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, ki bar motar ta rage gudu da kanta, sa'an nan ki taka birki a hankali ki gangara gefe. In ba ke ke tuƙi ba, ki daure kada ki yi kururuwa ko ki kama hannun direba, domin ruɗa shi ya fi fashewar tayar haɗari.

INJI MA YANA JIN ƘISHIRWA

Injin mota wuta ce ke ci a cikinsa, ruwan lagireto ne ke zagayawa yana sanyaya shi, fanka kuma tana hura wa ruwan iska. In ɗaya daga cikinsu ya gaza, ko ruwa ya yi ƙasa, ko tiyo ya tsage, ko fambel ya saki, sai inji ya ɗau zafi. Saboda haka kafin bazara ta kankama a kai mota wurin bakanike ya duba waɗannan, tare da baƙin mai da man birki. Ya fi kyau a zuba ruwan nan mai launi da ake sayarwa musamman domin lagireto, saboda ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da ƙanzo a ciki, kamar dai yadda kike gani a gindin butar dafa ruwa, a hankali har su toshe hanyoyin ruwan. Batir ma zafi yana ƙafar da ruwansa, in mai murfi ne a duba a ƙara masa ruwan batir, ba ruwan randa ba.

A gaban direba akwai wata allura mai nuna zafin inji. Ki saba da kallonta kamar yadda kike leƙa tukunya a kan wuta. In kika ga ta doshi ja, ki kashe iyakwandishan, ki nemi wuri mai kyau ki tsaya, ki kashe mota. Kada ki ce bari in lallaɓa ai mun kusa gida, domin tafiyar minti biyar da inji mai zafi tana iya jawo gyaran da zai cinye albashin wata da watanni. Sa'an nan, don Allah, kada kowa ya buɗe murfin lagireto yana da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasasshen ruwa, da an murɗa murfin zai yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. A jira kamar rabin sa'a ya huce tukuna.

Haka kuma ɗabi'ar nan ta ɗaukar fetur a jarka a saka a but, cikin zafin nan, wasa da rai ne. Fetur yana tururi, tururin kuwa ƙyas ɗaya yake jira. Kowace mota ta kasance da tukunyar kashe gobara mai aiki, da jak da sifana, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan motar da ta lalace, maimakon ganye da duwatsun da ake zubawa a tafi a bari su zama tarko ga na baya.

AMANAR YARA

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Motar da aka rufe aka bari a rana tanderu ce. Cikin minti 10 kacal zafin cikinta yana iya ƙaruwa da kusan digiri 11, cikin sa'a guda kuwa ya ƙaru da fiye da digiri 20. Ki lissafa da kanki in a waje ana digiri 40. Sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai. Jikin ƙaramin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar. Saboda haka kalmar nan ta "bari in shiga in fito yanzu, barci yake yi" a bakin kasuwa ko banki ko gidan gaisuwa, ki cire ta daga bakinki. Ki ɗauki abinki ki goya, ko da kuwa zai tashi yana kuka.

Ba a hanya kaɗai haɗarin yake ba, har a ƙofar gida. A watan Disamba na 2021 an tarar da yara 8 sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagiri ta Jihar Legas, bayan sun shiga ta kulle da su. Duk motar da ke tsaye a gida, mai lafiya ce ko wadda ta lalace aka jingine, a kulle ta a ɗauke makulli inda hannun yara ba ya kaiwa. In kuma aka nemi yaro aka rasa, kafin a bazama unguwa a fara leƙa motocin da ke kusa, har da but.

In za a yi tafiya, yaran da ba su kai shekara 12 ba wurinsu kujerar baya, kowa da ɗamararsa. Zama gaba da jariri a cinya ba gata ba ne, domin in aka taka birki da ƙarfi babu hannun uwar da zai iya riƙe shi. Ki ɗauki ruwan sha mai yawa fiye da yadda kike zaton za a buƙata, ki taɓa ƙarfen ɗamara da kujera kafin ki zaunar da yaro don kada su ƙona shi. Kwalbar turaren fesawa, da abin kunna wuta na gas, da waya da batirin cajinta, da magunguna, kada a bar su a gaban mota rana na dukansu.

SAURI YA HAIFI NAWA

Mota lafiya lau ma, in direba ya gaji, aikin banza ne. Zafi yana kawo kasala da gyangyaɗi, musamman bayan azahar, ga kawalwalniya tana ruɗar ido a miƙaƙƙiyar hanya irin ta Kano zuwa Maiduguri. Dabara ita ce a yi sammako, a ci rabin tafiya kafin rana ta take, a riƙa tsayawa bayan kowace sa'a biyu a sha ruwa a miƙe ƙafa, a kuma isa kafin duhu. Ƙa'idar gudu ga ƙananan motocin gida ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi irin na Kaduna zuwa Kano. Gudu da lodi fiye da kima su ne ke ƙara wa taya zafi, saboda haka buhunan tsaraba da kayan gara a raba su, ba dole sai mota ɗaya ta kwashe ba.

Ke mai tuƙi, ki tattara mayafinki kada ya sauka wajen ƙafafu ko ƙofa ta datse shi, ki ajiye takalmi mai tsini da silifa ki sa wanda ya kama ƙafa, waya kuma ta jira sai kin tsaya. Ke kuma fasinja a motar haya, kuɗinki kika biya, kina da bakin magana. Ki dubi tayoyi tun a tasha, in direba ya fara gudun wuce sa'a ki yi masa magana cikin ladabi. Kunyar minti ɗaya ta fi jinyar shekara.

Ƙarshen bazara kuma yana zuwa da nasa. Guguwa takan taso da ƙura ta rufe hanya, ruwan farko kuwa yakan haɗu da mai da ƙurar da suka taru a kan kwalta su yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. A nan sai a rage gudu, a kunna fitilu, a ba motar gaba tazara. Robar waifa da rana ta gasa wata uku a canza ta tun hadari bai haɗu ba.

TAKARDAR DA BA A KARANTAWA

To, a ce duk an yi wannan, tsautsayi kuma ya zo, domin ba ya jin kira bare gargaɗi. Mu ɗauki misali. Kina dawowa daga aiki, birki ya ƙi, kika daki bayan wata tsaleliyar mota, kika kuma ture mai babur ya karye. Jama'a sun taru, mai mota ya ce sai an biya shi, dangin mai babur suna jiran kuɗin asibiti. A wannan lokaci ne wata 'yar takarda da ke naɗe cikin takardun mota, wadda yawancinmu muke ɗauka ta nuna wa 'yan sanda ce kawai, za ta nuna amfaninta ko rashinsa. Ita ce takardar inshora.

Ma'anar inshora ba wuya. Masu mota da yawa kowa ya ba da ɗan kaɗan a shekara, a tara wuri guda, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗiba a biya masa. Tilasta ta ba sabon abu ba ne, tun dokar 1945 ta zamanin Turawa take. Dokar Inshora ta 2003 ta sa tarar Naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun, ga wanda ya hau titi babu ita. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda, a ƙarƙashin Sufeto-Janar Kayode Egbetokun, ta shiga binciken takardar a duk faɗin ƙasa. A cikin 2025 ɗin kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, wajibcin kuwa yana nan daram.

Wadda doka ta wajabta ita ce inshorar mutum na uku. Ke ce ta ɗaya, kamfani na biyu, wanda kika yi wa ɓarna shi ne na uku. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta yanke cewa daga 1 ga Janairu 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai ƙafa uku Naira 5,000 ne, ana biya masa har miliyan 2, babur kuma Naira 3,000, har miliyan 1. Ban da dukiya, tana ɗaukar nauyin rauni ko rasa ran mutumin da aka buge. Amma ki lura da kyau, wannan inshora ba ta gyara taki motar, ba ta kuma biyan jinyarki. A misalinmu na ɗazu, za ta ji da mai tsaleliyar mota da mai babur, ke kuwa gyaran taki daga jakarki zai fito.

Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙara da gobara da sata a kan ta farko. Sai kuma cikakkiya, wadda ke biyan ɓarnar wani da ta motarki gaba ɗaya. Ita NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Watau motar Naira miliyan 6 za a biya mata aƙalla Naira 300,000 a shekara. Da nauyi, gaskiya ne, amma ki auna shi da rasa motar ɗungurungum, musamman in da ita ake neman abinci ko bashi aka ci aka saya. Kuma tun da farashin motoci ya yi tashin gwauron zabi daga 2023, duk shekara in za a sabunta a faɗi darajar motar ta yanzu, domin kamfani ba zai biya fiye da abin da aka rubuta ba.

Cikakkiyar ma tana da iyaka, nan ne kuma zancenmu na farko ya haɗu da na biyu. Inshora haɗari take biya, ba sakaci ko tsufa ba. In inji ya buga saboda an bar lagireto ba ruwa, wannan lalacewa ce, kamfani ba ruwansa. Tayar da ta fashe ita kaɗai ba a biyanta sai in motar ma ta yi rauni a haɗarin. In wanda ke tuƙi ba shi da lasin, kamar ɗanki da kika ba makulli ya je ya sayo miki ƙanƙara, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Haka in an yi wa mota inshorar gida alhali kabu-kabu ake yi da ita. Masu ba da mota haya, wannan taku ce: ku faɗi gaskiyar aikin da motar ke yi, ku kuma ga lasin direba da idonku. Ambaliya da tarzoma kuwa sau da yawa sai an nemi a ƙara su an biya ɗan ƙari. Ki tambaya kuma ko akwai wani kaso na kuɗin gyara da ke kanki kafin kamfani ya ɗauki saura, da kuma matsayin iyalinki da ke cikin motar. Tambaya ba ta ɓata ciniki.

Wadda zuciyarta ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, wadda aka gina bisa taimakon juna da tsarin shari'ar Musulunci. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, akwai kamfanoni masu lasin da ke yin ta, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a hanya kamar kowace.

A YI HATTARA DA TA BOGI

Babbar masifar ita ce takardar jabu. Yawanci maigida ko direba yakan miƙa kuɗi ga wani ɗan kamasho a bakin ofishin lasin ya ce a haɗo masa takardu duka, a kawo masa wata takarda mai hatimi da ado, ya naɗe ya ajiye. Sai ranar da aka nemi kamfanin a tarar babu shi, ko kuwa bai san da zaman motar ba. Duk wanda ya ce zai yi miki a ƙasa da farashin da hukuma ta yanke, ki san akwai lauje cikin naɗi. Ki saya kai tsaye daga kamfani mai rajista ko dillalinsa mai lasin, ki karɓi rasit, domin ƙa'idar ita ce in kuɗi bai shiga hannun kamfani ba, babu inshora.

Gane ta gaskiya kuwa yanzu ba wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun da ake shigar da duk motar da aka yi wa inshorar gaske. Ki danna *565*11# a wayarki, ki bi abin da aka ce, ki sa lambar motar, za a nuna miki ko tana ciki. Yau ɗin nan, in maigida ya dawo ya ci abinci ya huta, ki lallaɓa ki ce ya kawo takardun ku duba tare, ku ga kuma ranar da za ta ƙare. Ki rubuta ranar a jikin kalanda, domin inshorar da ta ƙare jiya daidai take da babu.

IN ABIN YA FARU

In haɗari ya auku, rai ne farko. A taimaki waɗanda suka ji rauni, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, ko lambar gaggawa ta 112. Sa'an nan a sanar da 'yan sanda a karɓi rahoto, a ɗauki hotunan motocin da wurin da waya kafin a janye su, a rubuta lambar ɗaya motar da sunan kamfanin inshorarta da na shaidu. A sanar da kamfani nan da nan, kada a bari kwanaki su shuɗe, kada kuma a kai mota gyara kafin su gani. Kada ki yi alkawarin biya ko ki sa hannu a wata yarjejeniya a bakin titi cikin ruɗu ba da saninsu ba. In kuma ke aka yi wa ɓarna, ki sani kina da haƙƙi a kan kamfanin wanda ya buge ki. Mun saba da cewa "Allah Ya kiyaye gaba" a watse, yafiya kuwa abu ne mai kyau, amma karɓar haƙƙinki daga kamfanin da aka biya domin wannan rana ba rashin yafiya ba ne. In kamfani ya yi ta ja miki rai ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke, ki kai kukanki can da takardunki.

'Yan'uwa, mun sani abin da Allah Ya rubuta ba makawa, amma Shi ne kuma Ya ba mu hankalin duba taya da karanta takarda. Kafin tafiyar bikin nan ko ta hutun yara, a ware yini guda a kai mota wurin bakanike, a fiddo takardu a duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu a hanya da gida.